Ba a Ɗauki Juwairiyya Ba

Juwairiyya tana ɗakin malamai tana duba aikin 'yan aji uku saƙon ya shigo wayarta. Jami'ar ta gode mata da ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, amma bana ba ta cikin waɗanda aka ɗauka. Ba a faɗi dalili ba. Ta karanta, ta sake karantawa, ta kife wayar a kan tebur, ta ci gaba da duba littattafan yara har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Duk abin da aka nema tana da shi. Digirinta na farko a nazarin halayyar ɗan Adam ne, kuma da daraja ta ɗaya ta fita, alhali ta biyu ma ta wadatar. Ta yi hidimar ƙasa, malamanta sun yi mata kyakkyawar shaida, jarrabawar tantancewa kuwa tun a zaure ta san ta ci. Ganawar baki da baki da aka yi da ita a ƙarshe ma, a ganinta, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Kafin ta kai bakin titin Malali ta tari keke, Firdausi ta kira. Tare suka yi jami'a, tare suka nemi gurbin. Firdausi da daraja ta biyu ta fita, kuma a ɗakin Juwairiyya take tarewa duk lokacin jarrabawa don a yi mata bita. An ɗauki Firdausi. Tana cikin murna ta ji shirun ƙawarta ya yi yawa, sai murnar ta tsinke, ta koma cewa lallai kuskure aka yi, gobe su je tare a bincika. Juwairiyya ta taya ta murna, ta ce ba sai sun je ba.

Gidansu yana Kawo, can bayan kasuwa. Mahaifinta, Malam Sambo, ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka, kuma tun daga la'asar har a kira magariba a baranda yake zama, kujerarsa na fuskantar ƙofar gida, rediyo a gefensa ko a kunne ko a kashe. Mahaifiyarta, Hajiya Larai, ita ce ta ɗauki zafi da jin labarin. Ta ce ai an san yadda ake yi, wanda ba shi da kowa a sama ko takardarsa ta zinare ce a ƙasa za a bar ta. Ta matsa wa Malam ya kira tsofaffin abokan aikinsa, a cikinsu ba za a rasa wanda ya san wani ba. Malam ya ce Allah ya sa haka ne ya fi alheri, bai ƙara komai ba. Bai taɓa tambayar 'yarsa me ya sa wannan fannin take so ba, ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba. Dukansu sun sani.

Abba ƙanenta ne, shi kaɗai ne namiji a gidan. Sunan mahaifin Malam ya ci, shi ya sa ba a kiran sunansa na yanka. Yana ajin ƙarshe na sakandare ya fara shan maganin tari, daga nan ya koma ƙwaya. An yi faɗa, an yi nasiha, an yi rubutu, an kai shi wurin kawunsa a Funtuwa ya gudo. Juwairiyya tana Binuwai tana hidimar ƙasa Malam ya kai shi wani gida a ƙarshen Rigasa inda ake tsare masu shaye-shaye, bisa shawarar wani maƙwabci da ya rantse ɗansa a can ya shiryu. Ba a barin su da waya. Sau ɗaya Abba ya samu aron ta wani da ya zo ziyara, ya kira ta tana aji ba ta ɗauka ba, sai ya bar mata saƙon murya. Ya ce ta gaya wa Baba ya zo ya ɗauke shi, wallahi ya daina, ƙafafunsa sun kumbura. Ta kira gida a ranar. Malam ya ce masu gidan sun gargaɗe shi cewa duk haka suke faɗa, a ƙara haƙuri kaɗan. Ba a daɗe ba masu gidan suka kira da kansu, suka ce a zo a ɗauke shi ba shi da lafiya. A asibiti ya cika. Kafin motar da ta shigo daga Makurɗi ta iso Kaduna an riga an kai shi.

Tun daga lokacin take ganinsa. Ba a mafarki ba, da rana tsaka, kuma kullum ta baya. Dogon saurayi, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka, yana tafiya kamar ba ya son dugadugansa su taɓa ƙasa. Takan gan shi a cikin 'yan kamasho a tasha, ko yana tura baro a bakin kasuwa, ko a bayan babur ya wuce. Da ya waiwayo sai ta ga wani ne. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sa a ranta cewa idan ta yi karatun, ta san abin da ya kamata a ce an yi masa, abin zai bar ta.

Bayan zuwan saƙon jami'ar sai ganin ya ƙaru. Abin da a da sai a yi wata bai faru ba ya koma kusan kullum. Tana gaban allo ta hango shi ta taga yana tsallaka filin ƙwallo. Ta daina zama a gefen keke, ta koma tsakiya, don kada idonta ya riƙa faɗawa kan titi.

Firdausi ta fara karatu, amma abin bai bar ranta ba. Ita ce ta yi ƙarfin hali ta tari ɗaya daga cikin malaman da suka yi ganawar, Dakta Hansai, ta ce mata akwai wadda ta fi ta cancanta da aka bari a waje. Dakta Hansai ba ta tambaya ko wace ce ba. Ta ce a gaya wa Juwairiyya tana duba marasa lafiya ranar Asabar a wani ƙaramin asibiti a Unguwar Rimi, in tana so ta zo bayan azahar.

Juwairiyya ta tuna ta. Dattijuwa ce gajera mai tabarau, wadda a ranar ganawar ba ta yi tambaya ba sai guda ɗaya, ta me ya sa take son fannin. Ta same ta ta sallami mutum na ƙarshe tana cin dafaffiyar gyaɗa a cikin leda. Suka gaisa, ta tura mata gyaɗar, Juwairiyya ta ce alhamdu lillahi.

"Makinki ya fi na duk wanda ya zo," in ji Dakta Hansai. "Ba kuskure aka yi ba, ba kuma wani aka saka a gurbinki ba. Ni ce na ce kada a ɗauke ki bana, sauran suka bi bayana."

Juwairiyya ta tambaya a hankali ko wani abu ta faɗa da bai dace ba.

Dakta ta tambaye ta ko tana tuna amsar da ta bayar. Ta ce tana tunawa, labarin ƙanenta ta ba su, kuma ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Dakta ta ce haka ne, ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta burge su. Sai dai tun daga farko har ƙarshe ba ta ce ya rasu ba. Ta ce yana son ƙwallo. Ta ce ba ya iya barci sai da fitila. Ta ce in ta gama karatun za ta san yadda za ta bi da shi.

"Abokin aikina ya tambaye ki yanzu yana ina. Kika ce yana Rigasa. Har muka fara tunanin yadda za a je a fito da shi. Sai da kika kai bakin ƙofa kika juyo kika ce mana Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce, kika fita."

Juwairiyya ta tuna launin labulen ɗakin, ta tuna ƙarar fanka, ta tuna ruwan da aka ba ta a kofin roba. Wannan kam ba ta tuna ba. Ta so ta ce ba haka aka yi ba, amma matar ba ta yi kama da mai ƙirƙira ba.

Da ta buɗe baki, fushi ne ya fito. Ta ce ta karanta sharuɗɗan tun daga sama har ƙasa, babu inda aka rubuta cewa wanda aka yi wa mutuwa kada ya nema. Ta ce waɗanda aka ɗauka a littafi suka san abin, ita kuwa a gidansu ya kwana. Wa ya fi ta sanin abin da uwa take ji in ɗanta ya shigo yana layi?

Dakta Hansai ba ta musa ba. Ta ce gaskiya ne ba a rubuta ba, kuma mai yiwuwa ta zalunce ta, ta yi ta juya abin a ranta tun ranar. Amma tun zangon farko ake tura ɗalibai ɗakin marasa lafiya, kuma yawancin waɗanda ke kwance a can samari ne sa'o'in Abba, wasu da tabon sarƙar mari a ƙafa.

"'Yata, ƙanenki kika zo nema, mu kuwa ba ya wurinmu. Yaron da za a zaunar a gabanki yana bukatar ki gan shi shi, ba wani ba."

Ta ce akwai wata abokiyar aikinta da take ganin mutane a nan ranar Alhamis, in Juwairiyya ta yarda ta riƙa zuwa suna magana, baɗi kuma ta sake nema. Juwairiyya ta miƙe, ta ce ta gode, ita lafiyarta ƙalau, karatu ta zo nema ba magani ba. Ta fita ba ta tsaya jin amsa ba.

An yi ruwa an ɗauke kafin ta iso Kawo. Ta sauka a ƙarƙashin gada, inda masu keke da 'yan bas suke cakuɗewa, tana tattare bakin hijabinta saboda taɓo. Tana ɗaga kai ta gan shi. Yana gabanta kaɗan, buhun albasa a kai, riga mai ruwan toka irin wadda ta saya masa da kuɗin hidimarta na farko. Kafaɗar ce, tafiyar ce. Wannan karon bai waiwayo ba.

Ta bi shi. Ya ratsa ta cikin tasha, ta gaban masu biredi da masu lemo, tana biye. Ya tsallaka titi, ta tsallaka, wani mai mota ya taka birki ya leƙo yana zaginta ba ta ji ba. Ya shiga wani lungu mai kwata a tsakiya, ya ƙara sauri don nauyin kayan, ita ma ta ƙara. Ta ga zai sha kwana ya ɓace mata, sai ta ji muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, tana kiran sunansa, tana cewa ya tsaya, a tare mata shi.

Majalisar samari ce a bakin lungun. Sun ga mace da hijabi tana gudu tana nuna mai ɗauke da buhu, ba su tsaya tambaya ba. Kafin ta ƙaraso an fizge buhun, albasa ta watse cikin kwata, wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya kai masa mari, na uku ya ruga ya ɗauko katako. Mutane suka fara fitowa daga gidaje ana tambayar me ya sata.

Fuskar da ta juyo gare ta ba ta Abba ba ce. Baƙi ne siriri mai tsage a kumatu, leɓensa ya fashe, idanunsa sun firfito.

"Hajiya, mi na yi miki?" ya ce, da harshen mutanen Zamfara. "Wallahi ban ɗauki komi ba. Dako ne aka ba ni."

Ta kutsa tsakaninsa da mai katakon, ta buɗe hannuwa. Ta ce su sake shi, bai yi mata komai ba, ba ɓarawo ba ne. Wanda ya riƙe wuyan rigar bai saki ba, ya ce to me ya sa take bin sa tana ihu. Duk suka zuba mata ido, har da matan da suka leƙo ta kan katanga.

"Na zaci ƙanena ne," ta ce.

Wani ya ce to ina ƙanen nata yake, ya gudu daga gida ne?

"Ya rasu," ta ce. "Ƙanena ya rasu. An binne shi ban gan shi ba."

Aka saki rigar. Mai katakon ya jingine shi da bango kamar ba shi ya ɗauko ba. Wata tsohuwa ta fito da ruwa a moɗa ta miƙa wa saurayin ya kurkure baki, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, samarin suka amsa ƙasa-ƙasa suka sunkuya suna tsince albasar. Juwairiyya ma ta durƙusa cikin taɓon tana tsincewa. Sunan saurayin Inuwa, bai fi wata biyu da zuwa Kaduna ba, 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu. Ta ba shi haƙuri har ta rasa kalmar da za ta ƙara. Ta raka shi wurin mai albasar ta yi bayani da bakinta don kada a ɗora masa asarar. Da za su rabu ya ce ba komai, shi ma akwai wanda yake gani a cikin kasuwa, amma bai faɗi ko wane ne ba.

Ana gab da kiran magariba ta shiga gida. Malam Sambo yana kan kujerarsa. Ya dubi taɓon da ke hijabinta da hannuwanta, ya tambaya ko faɗuwa ta yi. Maimakon ta wuce ciki kamar kullum, sai ta zauna a kan dakalin barandar, ta gaya masa duka. Abin da Dakta Hansai ta ce ta faɗa a ganawa, da shekara biyun da ta yi tana ganin Abba a titi, da yaron da aka kusa illatawa saboda ita. Tun rasuwar, ranar ce ta fara ambaton sunan a gabansa.

Ladan ya fara kira, Malam bai tashi ba. Can ya nuna ƙofar gidan da haɓa.

"Ni ƙwanƙwasawa nake ji," ya ce. "Daidai wannan lokacin, yadda yake bugawa da zobensa in ya san ya makara. Da ina ɗaki nake jiyowa, in fito da sauri in buɗe, mamanki tana tambayata wa ya zo. Shi ya sa na dawo nan da zama. In ina kallon ƙofar ba a bugawa."

Ya ce tun ranar da aka kai shi bai sake taka maƙabartar ba. Jana'izar abokansa biyu ta wuce, a masallaci ya tsaya. Ya ce wata rana za ta raka shi. Sannan ya ɗauki butarsa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Juwairiyya ta koma asibitin Unguwar Rimi bayan an tashi daga makaranta. Ta ci gaba da zuwa. Wani zuwan ta yi magana, wani zuwan ta zauna kawai har lokaci ya cika. In suka haɗu da Dakta Hansai a baranda sukan gaisa, ba fiye da haka ba, don har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyarta da yake ganin an yanke mata hukunci da dokar da ba a rubuta ba. Da aka sake buɗe neman gurbi Firdausi ta turo mata sanarwar, Hajiya Larai ma ta yi ta tuni. Ta ce musu ba bana ba. Ba ta ce ta fasa ba.

Sai da wata daminar ta zagayo ta kusa ƙarewa Malam Sambo ya ce ta shirya. Ranar Juma'a ce da hantsi. Shi ya tuƙa tsohuwar motarsa, ya ajiye ta a gindin wata bishiyar dalbejiya daura da ƙofar maƙabartar, ya gyara hularsa ya shiga. Ita ta zauna a mota, gilashi a sauke, tana karanta abin da ya sawwaƙa. Ta kan katanga tana hango kansa yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya koma baya, ya sake yin gaba. Daga baya ta ga wani dattijo mai gadin wurin ya zo, suna nuna nan suna nuna can. Rana ta ɗaga sosai kafin ya fito.

Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa ce. Ya buɗe ƙofar gefenta maimakon tasa, ya tsaya riƙe da ita.

"Ban gane shi ba," ya ce. "Na san kusa da wani kututture ne, an cire kututturen. Ruwa ya kwantar da su duka, an kuma ƙara wasu a tsakani. Mai gadin ma ya ce ba zai iya rantsuwa ba." Ya kalli tafin hannunsa. "Sai na bi layin gaba ɗaya, kowanne na durƙusa na yi masa addu'a. Yana ciki dai."

Ta ce Allah ya karɓa. Ya miƙo mata makullin motar. Ta fito ta zagaya ta zauna a mazaunin direba, ta jira har ya rufe ƙofa ya daidaita zamansa, sannan ta tayar da motar.